Darasin Kimiyya: Ɗaukar Hoton Jirgin Yaƙi a Tsakanin Duwatsu

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana dalilin da ke sa jiragen yaƙi yin atisaye ƙasa-ƙasa cikin kwari, ya iya lissafa nauyin da matuƙi ke ji idan jirgi ya karkata, ya san asalin farin tururin da ke fitowa a kan fikafikai, kuma ya iya zaɓar saurin kyamarar da ya dace da abu mai gudu.

Gabatarwa

To ɗalibai, kowa a cikinku idan zai kalli jirgin sama, kai yake ɗagawa. Amma akwai 'yan wurare a duniya inda mutum kan sunkuya ne kafin ya ga jirgi, domin shi yana tsaye a kafaɗar dutse, jirgin kuwa yana ratsa kwarin da ke ƙasa da shi. Saboda wannan kallo ne masu sha'awar hoton jirage ke haɗa kansu rukuni-rukuni, daidai cikin mota ɗaya ko biyu, tare da jagoran da ya san hanya, su niƙi gari zuwa wata ƙasa, su hau dutse tun da asuba da jakar kyamara a baya.

Ku kawo irin hoton da suke nema a zuciyarku. Jirgi ne ƙirar F-15, ruwan toka, tsawonsa kusan mita 19, ya kwanta a kan gefe har ana ganin duk bayansa. Ta cikin gilashin rumfarsa ana hango hulunan kwanon mutum biyu. Wani farin hazo ya lulluɓe saman fikafikan, siraran zare biyu farare suna bin bakinsu. A bayan jirgin babu shuɗin sama ko kaɗan, sai ciyawa da katangar dutse da tumaki, su ma duk sun zama dishi-dishi, kamar an share su da hannu, alhali jirgin ya fito tangaran har ana iya karanta lambar jelarsa.

Babu abu ɗaya a cikin wannan hoto da ya zo bisa katari. Saukowar jirgin, da kwanciyarsa, da hazon, da sharewar ciyawar, kowanne yana da lissafinsa. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

1. Wuraren da ake zuwa

Wurin da ya fi suna shi ne Mach Loop, wasu kwaruruka da ke zagaye da juna a yankin Wales na Birtaniya, tsakanin garin Dolgellau da garin Machynlleth, a gindin dutsen Cadair Idris mai tsayin mita 893. Yankin yana cikin filayen da sojan saman Birtaniya ya keɓe don koyon tashi ƙasa-ƙasa, inda aka yarda jirgi ya sauko har ƙafa 250, wato kimanin mita 76 daga ƙasa. Jiragen koyon tuƙi ƙirar Hawk kan zo daga sansanin Valley, Typhoon daga Coningsby, F-15 na Amurkawa daga Lakenheath, wani lokaci har da ƙaton jirgin dakon kaya A400M mai faɗin fikafikai mita 42. Masu hoto sun raɗa wa tuddan da suke tsayawa sunaye, irin su Cad East da Cad West da Bwlch.

Na biyu shi ne Axalp a ƙasar Suwizalan, a saman tafkin Brienz. Can filin harbi ne na sojan saman ƙasar tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, tsayinsa ya haura mita 2,200. A wasu shekaru, idan kaka ta yi, akan buɗe wa jama'a su hau su kalli jiragen F/A-18 suna ɓarin wuta a kan alamomin da aka kafa a jikin dutse. Na uku wani kwazazzabo ne da ake kira Rainbow Canyon a hamadar Death Valley ta jihar Kaliforniya, wanda za mu dawo kansa a gaba.

Bambancin na farko da na biyu babba ne. Axalp biki ne mai rana da lokaci, ko da yake hazo da dusar ƙanƙara kan sa a soke shi. Mach Loop kuwa ba shi da jadawali. Mutum na iya wuni cikin yayyafi bai ga ko tsuntsu ba, gobe kuma jirage su yi ta keto kwarin.

2. Me ya sa suke saukowa?

Tashi ƙasa-ƙasa yana shan mai, domin iskar ƙasa ta fi ta sama kauri, ga haɗarin karo da tsuntsaye da wayoyin lantarki. To me ya kai soja ga wannan wahala? Amsar ita ce rada.

Rada na'ura ce da ke cilla igiyar rediyo, igiyar ta bugi abu ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka a gane nisan abin. Rauninta shi ne igiyar kusan a miƙe take tafiya, duniya kuwa ƙwallo ce. Saboda haka bayan wani nisa, doron ƙasa kan shiga tsakanin radar da abin da take nema. Ga ƙa'idar da ake ƙiyasta wannan nisa da ita, ku rubuta:

nisa a kilomita ≈ 4.1 × (√tsayin rada + √tsayin jirgi), duka tsayin a mita.

Mu ɗauka hasumiyar rada tana da mita 10. Idan jirgi yana can mita 9,000, za ta hango shi tun daga kusan kilomita 400. Idan ya sauko mita 75, ba za ta gan shi ba sai ya matso kusan kilomita 50. Yanzu ku sa gudu a ciki. Jirgi mai gudun kilomita 800 a awa yana buƙatar minti 30 kafin ya cinye kilomita 400, amma kilomita 50 ko minti huɗu ba za ta ɗauke shi ba. Mai tsaron da yake da rabin awa ya shirya, ya koma ba shi da lokacin ko ɗaura takalmi. Wannan a fili ke nan mai shimfiɗe. Idan jirgin ya shige kwari, dutsen kansa ya zama garkuwa, domin igiyar rada ba ta huda dutse.

Tarihi ma ya taimaka wajen koro jirage ƙasa. A da ana ganin tsira tana can ƙololuwar sama, har sai ranar 1 ga Mayu, 1960, da Tarayyar Sobiyet ta kakkaɓo jirgin leƙen asirin Amurka ƙirar U-2 da makami mai linzami, yana sama da mita 20,000. Cikin 'yan shekaru sojan saman Birtaniya ya mayar da manyan jiragensa na jefa bam su koyi bin ƙasa. Gaskiya ne yanzu akwai rada da ake ɗorawa a kan jirgi tana leƙo ƙasa daga sama, akwai kuma jirage masu layar zana da rada ke wahalar gani. Duk da haka dabarar ba ta mutu ba: a yaƙin Rasha da Yukiren an ga jiragen ɓangarorin biyu suna bin saman bishiyoyi don gudun makamai masu linzami.

3. Karkata da nauyi

A nan nake so ku natsu, domin nan ne ƙashin bayan darasin.

Fiffike yana ɗaga jirgi ne ta hanyar karkatar da iska zuwa ƙasa. Yayin da yake yin haka, matsin iskar da ke samansa kan ragu, na ƙarƙashinsa ya fi shi, wannan rata ita ke tura jirgin sama. Abin lura shi ne ƙarfin ɗagawar kullum yana fitowa ne a tsaye daga bayan fiffiken. Jirgi ba shi da taya a kan kwalta da zai yi kwana da ita. Idan matuƙi na son juyawa hagu, dole ya kwantar da jirgin hagu, don wani kaso na ƙarfin ɗagawar ya ja shi gefe. Amma kason da ya tafi gefe ya bar aikin riƙe jirgin a sama, don haka sai matuƙi ya ja sandar tuƙi ya ƙara wa fiffiken aiki, in ba haka ba jirgin ya fara zamewa ƙasa. A mita 76 kuwa babu wurin zamewa.

Wannan ƙarin aiki shi ne nauyin da ake aunawa da harafin g. Idan jirgi yana kwana ba tare da hawa ko sauka ba, ƙa'idar ita ce:

nauyi = 1 ÷ cos na kusurwar karkata.

A digiri 60, cos rabi ne, nauyi ya zama 2g. A kusan digiri 75 ya kai 4g. A digiri 80 ya doshi 6g. Ku lura da yadda lambar ke tsalle: daga 60 zuwa 80 digiri ashirin ne kacal, amma nauyin ya kusa ninkawa uku. Matuƙi mai kilo 70, a 4g kujerarsa tana ɗauke da kilo 280. Hannunsa ya yi nauyi, kansa da hular kwano suna danne wuyansa, kumatunsa su zazzago. Mafi haɗari shi ne jini. Zuciya tana fama ta tura shi sama zuwa ƙwaƙwalwa, nauyi yana janyo shi zuwa ƙafafu. Ido ne ke fara nunawa: launi ya dushe, gani ya ƙuntata, in abin ya ci gaba mutum ya suma. Shi ya sa suke sa wani wando na musamman da ke kumbura da iska ya matse cinya da ciki, kuma ana koya musu ɗaure jijiyoyi da wani salon numfashi.

Me ya hana su yin kwanar a hankali? Faɗin kwanar ya dogara ne da gudu sau gudu. A kilomita 800 a awa, wato mita 222 a daƙiƙa, kwanar 2g tana buƙatar da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta kusan mita 2,900 ne. A 4g ta ragu zuwa kimanin mita 1,300, a 6g kimanin 850. Kwari ba ya faɗaɗa don wani. Inda ya lanƙwasa sosai, ko dai matuƙi ya rage gudu ko ya sha nauyi. Jagoran da ya san aikinsa yakan kai mutanensa daidai irin wannan lanƙwasa, a ɓangaren da jirgin zai juyo musu da bayansa. Wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren, cikin jirgin kawai zai ɗauka.

4. Farin tururin

Mutane da yawa idan suka ga farin hazo a jikin jirgi sai su ce hayaƙi ne, wasu su ce jirgin ya wuce saurin sauti. Duka biyun kuskure ne. Ruwa ne.

Iska tana ɗauke da laima da ido ba ya gani, kuma yawan laimar da za ta iya zama a ɓoye ya danganta da ɗumi. Idan matsin iska ya faɗi farat ɗaya, iskar kan buɗe ta yi sanyi. In sanyin ya kai matakin da raɓa ke sauka, laimar sai ta dunƙule ta zama ƙananan ɗigo, mu gan ta fari. Mun riga mun ce matsi yana raguwa a saman fiffike, kuma da matuƙi ya ja 5g ko 6g raguwar takan tsananta. Hazon ya bayyana, da ya saki sandar ya ɓace. Zaren nan biyu kuwa, a bakin fiffike iskar ƙasa kan kewayo sama ta murɗe ta zama 'yar guguwa, tsakiyarta matsi kaɗan ne, sai tururi ya fito a can.

Mu gwada. Ku samo gorar ruwa ta roba mai haske, ku zuba ɗan ruwan ɗumi ya rufe gindinta, ku girgiza. Ku ƙyasta ashana, ku hure ta, ku jefa ta ciki tana hayaƙi, ku rufe da kyau. Ku matse gorar da hannu biyu iya ƙarfinku: cikinta zai yi garau. Ku saki gaba ɗaya: nan take za ta yi fari da hazo. Ku sake matsewa, hazon ya ɓace. Hayaƙin ashanar aikinsa kawai samar da ƙurar da ɗigon ruwa zai maƙale a kai. Sakin da kuka yi shi ne faɗuwar matsi.

Wales na shan iska mai laima daga tekun Atlantika, shi ya sa hotunan can ke cika da tururi. Jirgin nan da kwanar nan, a busasshiyar iskar hunturu irin ta Kano ko Damagaram, da wuya ka ga komai a fiffikensa.

5. Ido kafin kunne

Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa kimanin mita 340. Shi ya sa da damina kuke ganin walƙiya kafin ku ji aradu. Jirginmu yana mita 222 a daƙiƙa, kusan kashi biyu cikin uku na saurin ƙararsa. Idan ya ɓullo daga nisan kilomita 2, ƙarar za ta iso cikin daƙiƙa 6, shi kuma cikin 9. Ratar daƙiƙa uku ce, ita ma sau da yawa dutse ya tare ta. Wanda ya zauna yana shan shayi yana jiran kunnensa ya sanar da shi, jela kawai zai samu. A kan dutsen nan dai, gani ya kori ji. Wannan na daga cikin amfanin tafiya a rukuni: wani na hutawa, wani idonsa na bakin kwari, da ya hango ɗigo baƙi sai ya kwarma ihu.

6. Lissafin kyamara

A cikin kyamara akwai ɗan ƙyaure da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe, masu hoto suna ce masa shota. Duk motsin da abu ya yi ƙyauren yana buɗe, zai fito a hoto a shafe. Ku ninka gudu da lokaci. A 1/250 na daƙiƙa jirginmu ya matsa santimita 89. A 1/1000 santimita 22. A 1/2000 santimita 11. Saboda haka sabon shiga kan fara da 1/1000 ko fiye, ya samu jirgi tsaf.

Sai dai irin wannan hoto, a ganina, ba shi da rai. Jirgin da ciyawar duk sun daskare, kamar an rataye shi da zare. Gwanaye kan rage saurin ƙyauren zuwa 1/320 ko ƙasa da haka, su bi jirgin da kyamara. Idan kyamara tana juyawa daidai da jirgin, a idonta jirgin a tsaye yake, dutsen ne ke gudu, sai dutsen ya share jirgin ya fito. Faɗi ya fi yi sauƙi. Jirgin da ke wucewa mita 300 daga gabanka yana sa ka juya kusan digiri 40 cikin daƙiƙa ɗaya, riƙe da doguwar kyamara mai nauyi, mai gilashin milimita 400 ko 500 da ke ninka duk wata rawar hannu. Ana kafa ƙafafu, a manne gwiwar hannu a jiki, a juya daga ƙugu, kuma ba a tsayawa bayan an danna, sai jirgin ya wuce.

Jirgi mai farfela da mai saukar ungulu dokarsu daban. In ka ɗauke su da 1/2000 farfelar za ta tsaya cak, hoton ya zama na jirgin da injinsa ya mutu a sama. Dole a sauko wajen 1/200 ko ƙasa don ta fito tana juyi. Sai batun rana: a bayanka ake son ta, don haka tudun da ya yi kyau da safe yakan ɓaci da yamma. Kyamara mai tsada tana taimako, ba a musu, amma wanda ya iya wannan lissafi da tsohuwar kyamara zai kunyata wanda ya sayi sabuwa jiya.

7. Jiki, haɗari da doka

Duk mita 1,000 da aka hau, ɗumi kan ragu da kimanin digiri 6.5. A Axalp ke nan an fi bakin teku sanyi da wajen digiri 14, matsin iska kuma ya koma kusan kashi uku cikin huɗu, shi ya sa haki ke kama mai hawa, batirin kyamara ma sanyi kan zuƙe shi da wuri. Ƙara da ta wuce desibel 85 tana lalata ji idan an daɗe a cikinta, ta jirgin yaƙi na kusa kuwa ta haura 100, don haka toshe kunne wajibi ne. A Wales yawancin tuddan makiyayar tumakin manoma ce, wurin ajiye mota kaɗan ne, kuma mazauna yankin su ke kwana su tashi da ƙarar da baƙi ke biyan kuɗi su zo ji. A irin wannan wuri ƙaramin rukuni ya fi sauƙin rufe ƙofar shinge da kwashe shararsa.

Haɗarin ma na gaske ne. Ranar 31 ga Yuli, 2019, jirgin sojan ruwan Amurka ƙirar F/A-18E ya daki bangon Rainbow Canyon kusa da inda 'yan kallo ke tsayawa. Matuƙin ya mutu, baƙi bakwai suka ji rauni, aka dakatar da ratsa kwazazzabon. Sai doka: abin da Birtaniya ta ƙyale, wata ƙasa laifi ne. A watan Nuwamban 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 masu sha'awar jirage a sansanin Kalamata na ƙasar Girka bisa zargin leƙen asiri, kotu ta same su da laifi, sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke kusan dukkansu.

Aikin gida

1. Jirgi yana gudun kilomita 720 a awa. Mita nawa ke nan a daƙiƙa, kuma santimita nawa zai matsa idan ƙyauren kyamara ya buɗe na 1/500 na daƙiƙa?
2. Matuƙi mai kilo 80 ya karkata digiri 70 ba tare da hawa ko sauka ba. Idan cos 70 ya kama 0.34, kilo nawa kujerarsa ke ɗauke da shi?
3. Rada tana kan hasumiya mai mita 25, jirgi yana mita 100. Daga wane nisa za ta fara ganinsa?
4. Ku yi gwajin gora sau biyu, da ashana da kuma babu ashana, ku rubuta bambancin da kuka gani.

Wanda ke da waya mai kyamara ya gwada bin abu mai gudu, da ɗan'uwansa a kan keke ko shirwa tana shawagi, ya kawo mana hoton mako mai zuwa. Amma ina jan kunnenku: kada wanda ya doshi sansanin soja, ko filin jirgi, ko ayarin jami'an tsaro da sunan aikin makaranta. A Najeriya doka ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba tare da izini ba.